Baƙin Mai a Hannun Dama

Daminar da na shiga neman almakashin yankan ƙarfe, babu rumfar kayan aiki tsakanin Sabon Tasha da Kakuri da ban tsaya a gabanta ba, kuma babu inda na sayi ko ƙusa. Masu rumfunan har sun gane tafiyata daga nesa. In na sauko daga keken haya sai in ji wani ya ce wa maƙwabcinsa, "Ga Baba mai jirgi nan ya dawo duba lafiyarmu."

Jirgin dai babu shi. Inji kawai nake haɗawa a bayan gidana a Unguwar Boro, ƙaramin injin jirgin sama, irin mai zuƙar iska ta gaba ya fesa wuta ta baya. Ba zai ɗaga kowa sama ba, a kan tebur za a ɗaure shi ya yi ta ruri. A waya na ga wasu mutane suna haɗa irinsa a garejin gidajensu. Wani ma da ganin yadda yake riƙe sifana ka san bai taɓa cin abinci da ita ba, amma ga injinsa nan yana ihu. Abin ya tsaya mini a rai. Ni fita ne, wato mai gyaran injina. Na yi ƙuruciyata a masaƙa a Kakuri ina gyaran injinan saƙa, da aka rufe ta na koma gyaran janareto da injin niƙa. Na ce in waɗannan sun iya, ni me zai hana ni?

Rabin aikin ma an riga an gama mini. Na samo turbo na tsohuwar babbar mota a wurin 'yan gwangwan, shi ne zai zuƙo iska, shi ne kuma zai fitar da ita. Abin da ya rage mini shi ne tukunyar wuta, inda iska da gas za su haɗu su kama. Bututu ne a cikin bututu. Na wajen na same shi daga tsohuwar tukunyar kashe gobara. Na cikin ne aikin. Sai an yanko fallen ƙarfe mara tsatsa, wanda 'yan kasuwa ke kira sitenles, a huhhuda shi, a naɗe shi ya zama bututu, bakinsa biyu su haɗu babu giɓi. Kwanon rufi ko langa-langar bokiti ba za su yi ba, zafin zai cinye su, hayaƙinsu kuma guba ne. Fallen sitenles guda ɗaya gare ni. Na naɗe shi da tsohon zanen matata na jingine a bayan kabad, ina ji a jikina cewa in na ɓata shi ba zan sake neman wani ba.

Abin da ban gaya wa kowa ba sai matata shi ne hannuna na dama ya fara rawa.

A coci na fara lura, ranar cin jibin Ubangiji. Da aka miƙo faranti na ɗauki ɗan ƙaramin kofin nan, kafin in kai shi baki ya ɗiga mini a gaban farar riga. Na ɗauka gajiya ce. Bayan 'yan makonni littafin waƙoƙi ya fara karkarwa a hannuna har na daina ɗaga shi, ina rera abin da na haddace. Likita ya duba ni, ya sa na taɓa hancina da yatsa, ya sa na zana da'ira a takarda, ya ba ni ƙwayoyi. Ya ce abin ba ya kisa, amma ba ya tafiya, kuma a hankali yake ƙaruwa. Mugun halin ciwon shi ne in hannun yana kwance a cinyata lafiya lau yake. Sai na nufi wani abu da shi, ramin allura ko kan ƙusa, sannan zai tashi da rawarsa.

To abin da nake so ɗaya ne. In yanka fallen nan da hannuna, ni da kaina, kafin hannun ya ƙi ni gaba ɗaya. Akwai masu babban injin yanka a Kakuri da za su datse maka shi kafin ka gama gaisuwa. Matata ta faɗa mini haka ban san sau nawa ba. Na ce mata turbo wani ya ƙera, tukunyar waje wani ya ƙera, walda ma sai na kai an yi mini tunda ba zan iya riƙe sandar ba. In yankan ma na bayar, me na yi a cikin injin? Sai dai a ce ni na sayo zanen da aka naɗe ƙarfen.

"Zanen ma nawa ne," in ji ta.

Matsalar ita ce a kasuwar kayan aiki ba a sayen almakashi da ido. Kowace rumfa akwai guntun langa-langa a ajiye domin gwaji. Mai kaya zai ja layi da ƙusa a kai, ya miƙo maka almakashin, ka yanka a gabansa. In ka gwada ka biya, shi ke nan, babu mayarwa. Kuma ba ku biyu ba ne. Maza suna son kallon yanka, ban san dalili ba. Da an ji ƙarar almakashi sai maƙwabta su matso, mai shayi ya leƙo, mai jiran keke ya juyo. Da yawansu sun san ni. Wasu iyayensu mun yi masaƙa tare, wasu kuma an ba su labarin fitan da yake saita inji da tafin hannu ba tare da ma'auni ba. Labarin an ƙara masa gishiri, amma ban taɓa ƙaryata shi ba, kuma ba na so ya ƙare a gaban rumfar wani.

Ranar farko na karɓi almakashin. Da na kai bakinsa kan layin sai na ji abin ya taso daga wuyan hannu. Na yi maza na ajiye, na ce ƙusar tsakiyarsa ta yi sako-sako. Mai rumfar ya jijjiga shi, bai ji komai ba, amma ya ƙyale ni saboda furfura. Na koma gida ina jin kunyar kaina, ina kuma jin haushin almakashin da bai yi mini laifin komai ba.

Washegari ne na ƙirƙiro dabarar da na yi ta alfahari da ita a zuciyata. Kowa ya san in hannun makanike yana da baƙin mai ba ya miƙa tafi a gaisuwa, wuyan hannu yake bayarwa, a taɓa a wuce. Kuma babu mai kayan da zai so a damƙi sabon almakashinsa da hannu mai maiƙo. Don haka kafin in fita sai in tsoma yatsu a gwangwanin tsohon man janareto, in murza a hannun dama har bayansa. In na isa rumfa sai in miƙa wuyan hannu, in ce, "Yi haƙuri, daga aiki nake. Gwada mini in gani." Mai kaya ya yanka, ni kuwa in tsaya ina girgiza kai kamar alƙalin wasa.

Da haka na zagaye kasuwanni, ina ganin almakasai iri-iri ba tare da na taɓa ko ɗaya ba. Na ga gajerun nan masu gaɓa biyu da ke ƙara wa hannu ƙarfi, mai jan mariƙi yana bin hagu, mai kore yana bin dama, mai rawaya yana tafiya miƙe. Su ne ya kamata in saya, na sani. Na ce haƙoran bakinsu za su bar zane a gefen ƙarfen. Gaskiya ne, suna bari, amma magagari zai goge shi cikin ɗan lokaci, wannan ma na sani. Na ga masu araha masu ƙyalli, na ce in suka ciji sitenles sau ɗaya sun zama na yankan kwali, wannan kam ban yi ƙarya ba. Wani ya kawo mini injin gurza mai faifai, ya ce da shi kowa yake yi yanzu. Na ce zafinsa yana ƙona bakin ƙarfe ya mai da shi shuɗi. Abin da ban faɗa ba shi ne ina tsoron faifan, domin hannu mai rawa da faifai mai gudu ƙarshensu asibiti. A wata rumfa a Kakuri wani saurayi ya jawo mini wani tsohon almakashi daga ƙarƙashin tebur, baƙi ƙirin, tsawonsa ya kusa kamu ɗaya, nauyi kamar taɓarya. Na ce wannan ai na masu bokiti ne, ni aikin jirgi nake yi.

Guduma kaɗai na iya zaɓa da gaskiya, ita ma ban saya ba. Ta katako ake so, domin ta ƙarfe tana barin tabo, tana kuma shimfiɗa fallen ya ƙara faɗi inda ba a nema ba. Na ga mai kyau a hannun wani kafinta a Sabon Tasha, na juya ta, na yaba, na ajiye. Na ce me zan daka da ita alhali ban yanka ba?

A gida kuwa zama ya gagare ni. In na zauna a kujera sai in tashi in jawo fallen, in kwance zanen, in auna, in ja layi, in goge layin, in naɗe in mayar. In fita bayan gida in juya fankar turbo da yatsa. In dawo in kunna waya in sake kallon mutumin da na riga na kalla. In ce zan kwanta da rana, kafin filo ya yi ɗumi na miƙe ina neman takalmi. Kullum da safe sai in ɗaga hannun in miƙa shi gaban taga in ga ko ya fi jiya, kuma kullum sai in ga kamar ya fi. Tsoro nake ji, babu wani suna da zan ba shi. Ina ganin lokaci yana tafiya da hannuna, ni kuma ina yawo a keke ina kushe kayan mutane.

Wata safiya matata ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona ina tsoma yatsu a gwangwani.

"Baban yara, na gaji da wankin aljihun wandonka," ta ce. "Ka je wurin Malam mana. Shi da yake yankan ƙarfe tun kafin mu yi aure."

Malam maƙerin farin ƙarfe ne a Makera, yana yin bokiti da akwati da murhun gawayi da mazurari. Tun zamanin masaƙa muka saba, lokacin yana zuwa sayen ragowar ƙarfen ɗaurin dila. Duk abubuwan da garin nan ya gani ba su hana mu gaisawa ba. Shi nake gudu fiye da kowa. Gaisuwar Malam ba ta ƙarewa, kuma ba ya sakin hannunka sai ta ƙare. Zai tambayi gida, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ƙauyenku da ruwan bana, duk yana riƙe da tafinka a cikin nasa. Mutumin da yake gane kaurin ƙarfe da yatsa biyu, me zai ɓoyu masa?

Na ce mata ba ni da lokaci. Ta dubi silifas ɗina da suka cinye saboda yawo.

Bayan 'yan kwanaki na je, amma da man a hannu. Na gaya wa kaina aron bututun da zan naɗe fallen a jikinsa zan yi. Hadari ya haɗu tun ina hanya. Na same shi zaune a kan ɗan benci a rumfarsa yana bugun gindin bokiti. Yana ganina ya miƙe da murmushi, ya miƙo hannu, ni kuwa na ba shi wuyan hannu.

"Yi haƙuri, Malam, daga aiki nake."

Ya dubi hannun, ya dube ni, ya riƙe wuyan hannun ya yi gaisuwarsa duka bai rage komai ba. Muna cikin haka ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, mai furar da take kawo masa kullum da rana ta shigo da gudu ta fake. Ta dama a ƙwarya ɗaya, ta sa ludayi ɗaya, kamar yadda muka saba sha shekara da shekaru.

"Bismillah, Injiniya," in ji Malam. Haka yake kirana in yana son tsokana.

Na ce na ƙoshi. Ya ce tun yaushe ake ƙoshi da fura? Na ce hannuna ba kyau. Sai ya jawo buta da guntun sabulu, ya ɗebo yashi daga bakin rumfa ya zuba mini a tafi, ya tsuguna da kansa yana zuba mini ruwa. Dattijo ya tsuguna a gabanka da buta, ta ina za ka ƙi? Na murza, baƙin ruwa yana gangarawa cikin kwata, ina jin kamar tufafina ake tuɓe mini a kasuwa.

Ya sha, ya miƙo mini ludayi. Na ɗebo. Tun daga bakin ƙwarya ludayin ya fara kaɗawa, nono yana tsalle yana zuba a gwiwata, abin da ya isa bakina bai kai rabi ba. Mai furar ta kawar da kai tana kallon ruwan sama. Malam ya karɓi ludayin, ya sha nasa a natse, ya goge gemu.

"Injiniya, wane irin aiki ne kake yi da yake ɓata hannu ɗaya ya bar ɗaya fes?"

Na dubi hannuna na hagu. Tas yake, har farcen. Duk tsawon daminar nan ban taɓa tunanin in shafa masa ko ɗigo ba. Ni da na yi rayuwata cikin mai, na manta cewa babu makaniken da yake aiki da hannu guda, kuma babu wanda yake fitowa daga ƙarƙashin janareto da gogaggiyar riga.

"Yaran Kakuri sun zo sun tambaye ni," ya ci gaba. "Suka ce, Malam, me ya sami Baba? Na ce ban sani ba tunda bai zo ba. Suka ce to su dai in ya ce a gwada masa, za su gwada masa."

"Tun yaushe?"

"Tun farkon ruwa."

Ashe duk girgiza kan da nake yi, duk kushen da nake yi wa kayansu, kara suke yi mini. Ni ne abin kallon, ba almakashin ba. Na miƙe na ce ban zo nan don a yi mini ba'a ba, na fita cikin ruwan. Na kai bakin titi, babu keke ko ɗaya, ruwa yana shiga mini ta wuya. Na yi gaba kaɗan, na dawo, na sake yin gaba. Ban san inda za ni ba. Gida matata ce, ta riga ta faɗa. Kasuwa kuwa sun sani. Na tsaya a ƙarƙashin rumfar wani mai faci ina huci, har fushin ya huce ya bar ni da sanyi kawai. Sai na koma.

Malam bai tambaye ni inda na je ba. Ya kawar da bokitai daga kan wani kututture da ke kusurwar rumfar. A jikin kututturen akwai babban almakashinsa, an kafe mariƙinsa na ƙasa a cikin itacen, na sama ne kawai yake motsi, an zura masa guntun bututu don ƙarin tsawo. Na sha ganinsa, ban taɓa yi masa kallo biyu ba.

"Wannan ba ya neman yatsu," ya ce. "Hagu ta riƙe ƙarfe ta bi layi. Dama kuwa ɗora ta kawai ka danna da nauyinka. Nauyi dai kana da shi, alhamdulillahi."

Na gwada a guntun langa-langa. Hannun ya yi rawarsa a kan bututun, amma rawar ba ta isa bakin almakashin sosai ba, kututturen ya shanye yawancinta. Yankan bai yi kyau ba, bai kuma yi muni ba.

"To kawo fallen gobe ke nan," na ce.

"A'a. Nawa ya saba da ƙarfe mai laushi, sitenles ɗinka zai dakusar mini da shi in rasa na cin abinci. Je ka sayo naka, mu kafa shi kusa da wannan. Akwai irinsa a Kakuri wurin wani yaro, a ƙarƙashin tebur. An ce ka ce na masu bokiti ne."

Washegari na yi wanka, na wuce gwangwanin mai ban taɓa shi ba. A keke na rasa inda zan sa hannun, na ɗora a gwiwa, na sa a aljihu, na fitar. Da na isa rumfar na miƙa wa saurayin tafina. Ya ɗan yi turus, sannan ya karɓa da hannu biyu. Na ce ya fito mini da baƙin almakashin nan. Ya jawo shi, ya goge ƙura, ya ɗauko guntun gwaji ya ja layi, ya gyara tsayuwa zai yanka mini kamar kullum.

"Kawo," na ce.

"Baba, no wahala, bari in gwada maka."

"Na ce kawo."

Maƙwabta sun riga sun matso. Babu kututture a nan, da hannu zalla zan riƙe shi, ga nauyi. Na ɗaga, bakinsa yana lilo, na kama layin da ƙyar, na datse. Ya yanka kamar ana yanka takarda, amma ya bar layin ya yi nasa wuri, ya dawo, ya sake fita. Da na gama guntun ya yi kama da bakin ganyen da tsutsa ta ci. Babu wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi mini sauƙi.

"Ƙarfen ne ya lanƙwashe," wani ya ce daga baya.

"Ƙarfen lafiyarsa ƙalau," na ce. "Almakashin ma yana da kyau. Hannuna ne yake rawa."

Na biya, saurayin ya naɗe mini shi a buhun siminti. Daga nan na wuce wurin kafinta na sayi gudumar katako, na sayi magagari mai laushin haƙori da ƙusar buga alama. Abin da ya gagare ni damina guda na gama shi kafin azahar.

Malam ya kafa sabon almakashin a wani kututture, ya wasa bakinsa, ya ɗaure ƙusar tsakiya yadda ba zai tauna ƙarfe ba. Na kawo fallen a cikin zanensa. Layin ni na ja, na matse rula da filaya mai kulle a gefe biyu, na bi jikinta da tsinin ƙusa. Da na ɗora fallen a bakin almakashin sai na ga ya fi yadda na san shi tsawo.

"Injiniya," in ji Malam a hankali, "in ka ga dama in fara maka bakin, kai ka ƙarasa."

"A'a."

Ya koma kan bencinsa ya zauna, ya cusa hannuwansa biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa.

Sitenles ba langa-langa ba ne. Yana turjewa, sai ka ɗora kafaɗa sannan ya saki da ƙara. Na riƙa cin ɗan kaɗan, ba na rufe bakin almakashin har ƙarshe don kada ya tsaga gefen, in tura fallen da hagu, in sake dannawa. Gumi yana shiga mini ido. Wajen tsakiya na fita daga layin da kamar kaurin ƙwayar shinkafa, amma ta gefen da za a yar ne, magagari zai ci. Na dawo kan layi. Da ya rage kamar taƙi ɗaya hannun ya tashi da gaske, bututun yana kaɗawa yana bugun mariƙi, har gwiwar hannuna tana amsawa. Na tsaya. Na ji bencin Malam ya motsa.

"Zauna, Malam."

Ya zauna.

Na cire tafin daga kan bututun, na ɗora damtsena a kai, na kwanta da ƙirjina duka. Haka na ƙarasa, danna ɗaya, numfashi ɗaya. A dannawar ƙarshe siririn ƙarfen da na yanke ya rabu, ya faɗi a siminti yana ƙara. Na ɗaga fallen na hangi gefensa da ido ɗaya. Ya ɗan karkace a wuri biyu, amma zai haɗu. Na so in yi dariya, sai na ji hawaye ne suke zuwa.

Na duƙa in ɗauki siririn ƙarfen nan daga ƙasa, ina so in kai wa matata ta gani. Yatsuna suka yi ta zagaye shi, suna ture shi gaba, sun kasa kamawa. Malam ya bar ni na gwada har na gaji, sannan ya sauko daga benci ya ɗauka, ya buɗe tafina ya sa mini, ya naɗe yatsuna a kai. Wannan ne ƙarfe na ƙarshe da na yanka.